Mai karanta ELISA ko mai katrij: wacce ƙaramin lab zai fara saya?

Malam, ka ce kuɗin na'ura ɗaya gare ka, kana waswasi tsakanin mai karanta farantin ELISA (gwajin jini da ake gane sakamakonsa ta canjin launi) da masu katrij (ɗan akwatin gwaji da ake amfani da shi sau ɗaya) irin su Finecare ko ichroma. Kafin ka tambayi farashi, ƙirga jini nawa ke shigo maka a rana.

Mai karanta ELISA launi kawai take aunawa. Farantin rami 96 ne. Ka zuba TMB, sinadarin da ke fito da launi, ya yi shuɗi, ka tsayar da shi da asid ya koma rawaya, ita kuma ta haska a 450 nm (tsawon zangon hasken) ta ba ka lamba. Iyakar aikinta ke nan. Wanki, ɗumamawa a digiri 37, awo da fifet (bututun awon ruwa), duk a wuyanka suke, kuma sai an yi awa biyu zuwa uku kafin sakamako ya fito. Ramin da bai wanku ba zai iya nuna maka HBsAg, alamar ciwon hanta nau'in B, a jinin mai lafiya ƙalau, na'urar ba ruwanta. Inda ta yi zarra shi ne ba ta zaɓen kamfani: kayan gwajin kowa za ta karanta muddin tana da filtar da ake buƙata. In kana haɗa jini talatin ko arba'in lokaci guda, kamar wajen tantance masu ba da jini, kuɗin kowane gwaji yana faɗuwa sosai. In kuwa mutum uku ne, ramukan kontrol, wato na tabbatar da ingancin gwajin, sai su fi na majinyata yawa.

Finecare ta kamfanin Wondfo ce na ƙasar Sin, ichroma ta Boditech ta Koriya ta Kudu. Su hasken da ke tashi daga layin katrij suke karantawa. Ka sa cip ɗin da ya zo a kwalin, ka ɗiga jinin bayan ka gauraya shi da ruwan da ya zo a kwalin, cikin minti 15 ko ƙasa sakamakon TSH (gwajin maƙoƙo), PSA (na prostate) ko CRP (na kumburi) ya fito, majinyaci na zaune a benci. Sai dai ka ɗaure kanka da kamfani ɗaya. Ranar da katrij ya yanke wa dillali, na'urar ta zama kayan ado.

Zafi ma abin dubawa ne. Kayan ELISA firji suke so, digiri 2 zuwa 8. Katrij ɗin Finecare yana jure har 30, amma ka san yadda Afrilu yake a Kano da Sakkwato, kada ka bar shi a kanta.

Ni dai, in jininka bai kai goma a rana ba, mai katrij zan ce ka ɗauka. Ka fara tambayar dillali kuɗin kwali mai gwaji 25 da ranar lalacewarsa tukuna.