Mai kantin da ta hana ni sayen littafi

'Yan uwa, da yawanku kun yi ta tambayata littattafan da ya kamata ɗalibi ya saya kafin ya fara karatun likita. Amsata ita ce kada ku yi gaggawar sayen komai, kuma a bakin mai sayar da littattafan na ji haka.

Na iso ƙasar wajen nan da nake karatu da doguwar takardar sunayen littattafai da wani yayanmu likita ya rubuta min, Allah ya saka masa. Na shiga kantin littattafai kusa da makaranta, na jibge su a kan kanta, ina lissafin abin da zai rage min na haya. Dattijuwar da ke sayarwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni shekara ta nawa nake. Na ce ta farko. Sai ta zare babban Gray's Anatomy, littafin anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam, ta ajiye gefe. Ta ce wannan littafi, da ya fara fitowa tun 1858 kuma yanzu ya haura shafi 1,500, na likitocin fiɗa ne da malamai, su buɗe su duba abu su rufe. Akwai Gray's Anatomy for Students da aka rubuta domin irina. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta ce shi ma in dakata. "Je laburare ka ari shi, ka ari na Moore, ka karanta babin hannu a kowanne. Wanda ya fi shiga kanka, shi za ka dawo ka saya."

Na tsaya ina kallonta. Mai kaya, ga kuɗi a gabanta, tana korar ciniki! Wallahi har na koma ɗaki abin bai bar raina ba, domin ban taɓa ganin an yi min haka ba. Ta san kayanta kamar ita ta rubuta su. Ta gaya min littafin Guyton, wanda ya faro tun 1956, yana bin fisiyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, daki-daki amma ya wuce shafi dubu, Ganong kuma a dunƙule yake, sai wanda ya riga ya fahimci lakca yake jin daɗinsa. Ba ta ce wannan ya fi wancan ba. Cewa ta yi kawuna sun bambanta.

Laburaren kuwa ya gaskata ta. Kowane littafi na ajinmu akwai kwafi da yawa, bugun baya-bayan nan, a buɗe a kan kanta, ba sai ka roƙi wani ya buɗe maka kabad ba. Da lambar ɗalibi kake shiga ta intanet ka karanta yawancinsu a waya ko kwamfuta, ko da tsakar dare.

Kada ku ɗauka babu abin haushi. Idan jarrabawa ta matso, littafin da ka aro sai saƙo ya shigo cewa wani na jira, ka mayar ko a ci ka tara. Wasu na intanet ɗin an ƙayyade yawan waɗanda za su buɗe a lokaci guda, ka zauna kana jiran layi a cikin ɗakinka. Abin da ya fi ci min rai shi ne dabarar kamfanonin ɗab'i. Suna manna lambar sirri a cikin bango, wadda ke buɗe hotuna da tambayoyin gwaji, kuma mutum ɗaya ne kawai zai yi amfani da ita. Ka sayi na hannu, ka tarar an kankare ta. Bayan 'yan shekaru su fito da sabon bugu, sassan jikin ɗan Adam ba su canza ba, sai lambobin shafi da tsada.

A nan nake kewar gida. Can, na gaba da kai zai miƙa maka littafinsa da rubutunsa a gefen shafi, ya ce nan malam yake son tambaya, ka riƙe. Nan kowa kansa ya sani, littafin da ya gama da shi talla yake sa shi.

Amma mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Muna sayen littafi don sunansa da kaurinsa, a jera a ɗaki a ce ga Dakta, alhali handawut ake haddacewa daren jarrabawa. Ga kuma fotokwafi. A zanen anatomi, jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ja ce, mai komar da shi shuɗiya, jijiyar saƙo rawaya. Idan aka buga baƙi da fari duka su zama toka-toka, yaro ya shiga ɗakin feɗe gawa bai san wacce yake nema ba. Haka hotunan naman jiki na ƙarƙashin madubin likita, launi ne ke raba ƙwayar da abin da ke kewaye da ita. Na san rashi ne ke kai mu, ba na zargin ɗalibi. Amma wanda ke da kuɗin littafi ɗaya tak, ya sa su a littafin zane mai launi.

Ni abin da na saya ke nan, zanen Netter, likitan fiɗan nan ɗan Amurka da ya koma zana sassan jiki, wanda aka fara tattarawa a littafi guda a 1989. Shi kaɗai nake buɗewa kullum, ina rubutu a kai, ga shi bangonsa har ya fara naɗewa. Daga baya na koma wurin dattijuwar na sayi na Moore, don shi ya fi min sauƙi. Davidson da Kumar and Clark, littattafan cututtuka da maganinsu da ke takardar yayanmu kuwa, sai an fara shiga asibiti ake buƙatarsu, kuma kafin lokacin ba mamaki sabon bugu ya fito.