Sharhi kan wani wurin gyaran famfon injekta a Katsina, daga bakin bakaniken bariki

Duk wanda aikinsa shi ne kula da manyan janaretoci da injinan tura ruwa a barikin soja ya san akwai sashe ɗaya na injin dizal da ba a buɗe shi a garejin bariki komai ƙwarewar bakanike, wato famfon injekta. Ni farar hula ne, ina aiki a ƙarƙashin hafsoshin sashen injiniyoyin lantarki da kanikanci na sojan ƙasa, waɗanda makarantarsu take a Auchi ta jihar Edo. Muna iya sauke kan inji mu canza ringi da gaskit, amma famfon da ke auna man da zai shiga kowace silinda sai da injin gwaji na musamman. A da Kano muke kai shi, tafiyar kusan kilomita 170, a kwana can ana jira. Yanzu akwai wani wurin gyara a wajejen Ƙofar Ƙaura da muke kai wa aiki, kuma a kansa wannan sharhi yake. Ban ambaci sunansa ba domin ƙa'idar aikinmu ba ta ba mu damar tallata ɗan kasuwa ba.

Janareto irin namu da ke ba da wuta mai hertz 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, dole ne ya tsaya a kan juyi 1,500 a minti ɗaya, ko an ɗora masa lodi ko an sauke. Idan famfo ya fara lalacewa sai injin ya riƙa hawa yana sauka, salansa ta yi baƙin hayaƙi, tayar da shi da asuba ya zama aiki, kuma abin da ke gidan wani ɗan damuwa ne kawai, a bariki yana nufin tsayawar ɗakin sadarwa da asibiti da famfon rijiyar burtsatse. Yawancin injinanmu ƙirar kamfanin Perkins ne masu silinda huɗu ko shida, da famfo mai juyawa irin na kamfanin Delphi, wanda man dizal ɗin da kansa ne yake zama man shafawa ga kayan cikinsa. Saboda haka ruwa kaɗan a cikin tanki, ko ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa filta, ya isa ya cinye ƙarafan da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba.

Abin da ya fara burge ni da wurin shi ne ba sa kwance famfo kafin su gwada shi. Ana wanke bayansa, a karanta lambar da ke jikin farantinsa, a nemo ma'auninsa a littafi, sannan a ɗaura shi a kan injin gwaji yadda aka kawo shi. Ba da gas ɗin gidan mai suke gwajin ba. Suna amfani da man gwaji mai lamba ISO 4113, wanda ake ɗumama shi zuwa digiri 40, kuma kowane layi yana zuba nasa a cikin kwalbar gilashi mai ma'auni, ta yadda mai kaya zai gani da idonsa wace silinda ake ƙwara, wace kuma ake cika wa ciki. Maigidan wurin, dattijo ne da yaransa suke kira Baba, ba ya karɓar famfo shi kaɗai, sai an haɗo da nozul-nozul ɗinsa, wato bakunan da ke fesa mai cikin silinda. Dalilinsa mai ƙarfi ne: famfon da aka saita daidai, idan aka mayar da shi kan nozul mai ɗiga, hayaƙin zai dawo, kuma sunan mai gyaran famfo ne zai ɓaci. Kowane nozul ana matsa shi a na'urar hannu a ga a wane matsi yake buɗewa, a duba ko feshinsa ya watsu kamar hazo ko kuwa tsartuwa yake yi.

Inda wurin ya fi sauran da na sani, a wajen mai aiki irin nawa, shi ne takarda. Bakaniken da ke gyara wa ɗan kasuwa yana iya cewa an gyara, a tayar da inji, magana ta ƙare. A wurin soja ba haka ba ne. Kafin kaya ya fita ƙofar bariki sai da takardar izini, kafin a biya kuɗi sai hafsa ya sa hannu, kuma duk abin da aka ce an canza sai mai kula da sito ya ga tsohonsa. Waɗannan mutane suna ba da takarda mai ɗauke da lambar famfo, da abin da ya auna kafin gyara, da abin da ya auna bayan gyara, sannan su ƙulle tsofaffin kayan da suka cire a leda su miƙo tare da rasit mai hatimi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban samanja yana bayanin inda kuɗin gyara ya shiga ba, ba zai san darajar wannan leda ba. Haka kuma suna ɗaure sukurorin saiti da waya da dalma, don haka idan wani ya taɓa daga baya ba a ɓoye take ba.

Batun kayan gyara ma suna fitowa fili. Sukan ajiye wa mutum na kamfani, da na wasu masana'antu masu sauƙin kuɗi, da tsoho mai kyau da aka ciro daga wani famfo, su faɗi bambancin kowanne. A kasuwar da jabu ya yi yawa har kwalinsa ya fi na gaske sheƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin aikinsu ya ɗara na masu gyara a gindin bishiya, amma bai kama ƙafar kuɗin sabon famfo ba.

Akwai inda suka gaza. Ɗakin da ake haɗa famfo ƙofarsa a buɗe take ga titi, labulen roba kawai ya raba su, alhali daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Katsina ƙura ce zalla. Aikin da ya kamata a yi shi a rufaffen ɗaki ne. Injin gwajinsu na tsofaffin famfuna ne, ba ya iya sababbin injina masu kwamfuta, waɗanda matsin mansu yake iya wuce 1,600 a ma'aunin matsi na bar, don haka masu irin waɗannan har yanzu sai Kano ko Kaduna. Alƙawarin lokaci ma ba a riƙe shi da ƙarfi, musamman idan kayan da ake buƙata sai an aiko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Idan aka ce jibi, gara mutum ya shaida wa ogansa mako guda. Sannan suna son rabin kuɗi a hannu kafin su fara, abin da ba ya jituwa da tsarin biyan gwamnati, kuma ba sa zuwa su ɗaura famfo a kan inji, saitin taimin, wato lokacin da za a fesa mai, yana wuyan bakaniken da ya kawo aiki.

Ga mai kula da janareto ko tarakta ko injin ban ruwa mai tsohon famfo a Katsina, Daura, Jibiya ko Dutsin-Ma, ina ganin wurin ya cancanci a kai masa aiki. Sai dai a sani cewa lamunin da suke bayarwa bai haɗa da ɓarnar ruwa ko datti ba, kuma da sun buɗe famfo suka ga tsatsa za su gane. Kafin a mayar da famfon da aka gyara, a zubar da abin da ya kwanta a gindin tanki, a wanke layukan mai, a sa sababbin filtoci, a kuma duba kofin da ke raba ruwa da gas.