Wasan tuƙa kumbo: ka ga yadda yake tashi tsaye kafin ka biya

Duk wasan kumbo da za a tallata maka, da hoton taurari da zoben Satun za a fara. Wannan kowa yana da shi. Abin da ke raba su yana nan kusa da ƙasa: ka ɗaga kumbon kamar mita goma, ka tsayar da shi a iska, ka matsa gefe kaɗan, ka dawo ka ajiye shi inda ya tashi. Wani wasan maɓalli ɗaya za ka danna ya yi maka duka. Wani kuwa sai ka farfasa kumbo iya son ranka kafin hannunka ya faɗa. Wanda zai saya a Garwa ko Marwa, da kwamfutar hannu da datar da ake ƙirgawa, ya kamata ya san wanne yake ɗauka.

Wahalar daga ina take? Kumbon da ke shawagi ba fiffike ke riƙe da shi ba, injin da ke hura wuta ƙasa ne, kuma dole ƙarfin turinsa ya yi daidai da nauyin kumbon. Ya ɗara kaɗan, ka yi sama. Ya gaza kaɗan, ka taho ƙasa. Ga shi kuma mai yana ƙonewa, kumbon yana rage nauyi, don haka totur ɗin da ya tsayar da kai ɗazu yanzu sama yake kai ka. In kana son zuwa gefe, sai ka karkata jikin kumbon. A duniyarmu karkatar digiri 10 kawai, in ka riƙe ta daƙiƙa biyar, ta kai ka gudun kusan kilomita 31 a awa. Birki kuma babu. Kamar kwale-kwale ne a Binuwai, ka daina tuƙi yana ci gaba da tafiya, sai ka tuƙa baya kafin ya tsaya. A Wata ƙarfin jan ƙasa kashi ɗaya ne cikin shida na namu, saboda haka sai ka karkata sosai kafin kumbon ya motsa, sannan ka fara tsayar da shi tun da sauran nisa.

Ba wasa ne ya ƙirƙiro wannan wahalar ba. Ranar 6 ga Mayun 1968 injin da Neil Armstrong ke koyon saukar Wata da shi ya ƙwace masa a sansanin Ellington kusa da Houston, ya fice da kujerar ceto, laima ta sauko da shi, injin ya faɗi ya kama da wuta. Amma ga abin da masu cewa "ni na gaske zalla nake so" ke mantawa: a matakin ƙarshe na saukar kumbon Apollo a Wata, kwamfutar kumbon ce ke riƙe da totur. Matuƙi yana da ɗan maɓalli, kowace dannawa tana ƙara ko rage saurin sauka da ƙafa ɗaya a daƙiƙa, kimanin santimita 30, shi kuma ya ji da inda za a dira. Ashe taimakon na'ura ba ya kore gaskiya. Abin tambaya ga mai saye shi ne: wasan yana taimaka maka ne a cikin dokar nauyi da mai, ko kuwa ya share dokar ne gaba ɗaya?

Orbiter ne zan fara ambata, domin kyauta ne. Martin Schweiger ya fitar da shi a 2000, a 2021 kuma ya buɗe lambobin manhajarsa ga kowa. Tsohuwar kwamfuta mai Windows tana iya ɗaukarsa, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke. Kumbonsa da aka fi sani, Delta-glider, yana da injin shawagi a ƙarƙashin ciki, kuma akwai sansani a Wata mai suna Brighton Beach inda ake koyon tashi da dira. Kumbon ƙirƙirarre ne, injinsa ya fi na rokokin gaske da ke tashi daga ƙasa tattalin mai, amma nauyi da gudu da falaki duk lissafin gaske ne. Yana da taimako kala-kala da kake kunnawa ɗaya bayan ɗaya: mai tsayar da juyi, mai daidaita kumbo da sararin ƙasa, mai riƙe tsayi. Ka fara da dogaro da su, ka daina amfani da ɗaya in ka ji ka isa. Aibinsa, ba ya lallashi. Babu labari, babu lada, littafin bayaninsa da Turanci yake, kuma wanda Faransanci ya yi a makaranta zai sha fama da shi a kwanakin farko.

Kerbal Space Program na farko shi ne wanda zan ce a kashe wa kuɗi. Kamfanin Squad na Meziko ne ya yi shi, cikakkensa ya fito a Afrilun 2015, kuma akwai shi da Faransanci. A nan kai ne maƙerin kumbon. A ɗakin ƙira akwai ƙwallo ruwan ɗorawa mai nuna cibiyar nauyi, da alama shuɗi-ja mai nuna inda turin inji ya dosa. In ba su hau layi ɗaya ba, kumbon yana barin ƙasa zai kifa, ko ka kunna na'urar daidaitawa. Wani lokaci ma yana tashi lafiya lau, sai tankin gaba ya fara ƙarewa, nauyi ya koma baya, hanci ya ɗaga a hankali kana kallo. A nan mutum ke gane cewa rabin tuƙi tun a ƙira aka gama shi. In kuma injin jet ka sa ya ɗaga ka, sai ka koyi haƙuri, domin ka ƙara totur yanzu, turin sai an jima yake zuwa. Inda wasan ya yi sassauci shi ne girman duniya: daga tsakiyar Kerbin, duniyar wasan, zuwa doronta kilomita 600 ne, tamu kuwa 6,371, don haka kai wa falaki ba ya cin rai. Sassauci ne mai kyau, bai taɓa dokar shawagi ba. Kada ka ruɗe da Kerbal Space Program na biyu. Ya fito ba a gama shi ba a Fabrairun 2023, an rufe ɗakin da ke aikinsa a 2024, yana nan yadda aka bar shi.

Elite Dangerous na 2014 yana tsakiya. Da taimakon tuƙi a kunne, ka saki hannu kumbo ya tsaya cak. Ka kashe shi, duk motsin da ka fara sai ka warware shi da kanka, kuma a duniya mai nauyi sosai kuskure kaɗan ya isa. Sai dai yana da iyakar gudu da ba ta cikin dokar halitta, sannan ko kai kaɗai kake wasa dole sai da intanet. Layi ya yanke, an fitar da kai. Wanda ya san halin sadarwar unguwarsu ya yi wa kansa hisabi.

No Man's Sky na 2016 kuwa yawon buɗe ido ne. Ka riƙe maɓalli, kumbo ya tashi da kansa, a cire maka kason mai. Yana da kyau, yana aiki ba intanet, yara za su so shi, amma ba zai koya maka shawagi ba.

Star Citizen ya taɓa gwada tilasta wa kowa. A Yulin 2019 aka sa tsarin shawagi mai sa kumbo ya zame duk inda ya karkata, 'yan wasa suka yi ca, bayan wata uku aka cire shi. Har yau wasan bai fita daga matakin gwaji ba, yana son wajen giga 100 da kwamfuta mai tsada. Ban ga dalilin da zai sa a fara da shi a nan ba.

In waya kaɗai gare ka, Spaceflight Simulator yana saukuwa kyauta. Hotonsa shafaffe ne, hagu da dama da sama da ƙasa kawai, amma totur da nauyi da mai suna aiki yadda ya kamata.

Saura kayan aiki, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta. Orbiter ya dogara da madannan lamba na gefen dama: 0 yana ƙara turin shawagi, ɗigo yana ragewa, 5 yana tsayar da juyi. Ƙananan kwamfutocin hannu da yawa ba su da wannan ɓangaren, don haka ka haɗa da kibod na USB mai shi, ya fi sandar tuƙi araha nesa ba kusa ba. Kwamfutocin da ke shigo mana kuma da yawa jerin Faransa ne, AZERTY, alhali wasannin an tsara su ne a kan W, A, S, D. Ka shiga saiti ka gyara tun ranar farko, kada ka nemi gaba ka danna cikakken totur. Manet irin ta wasan ƙwallo tana taimakawa sosai, domin shawagi yana son taɓawa kaɗan-kaɗan, madanni kuwa ko duka ko babu. Sandar tuƙi mai totur daban ta jira sai ka tabbata za ka daɗe a harkar. A zafin Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke wuce digiri 40, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka tana rage gudu da kanta, hoto ya riƙa sarƙewa daidai lokacin da kake mita biyu da ƙasa. A kai ta a busa mata iska kafin a zargi wasan.

Waɗanda ake saya a Steam, shagon wasanni na intanet, da katin banki ake biya, kuma farashi yana faɗuwa sosai a rangwamen ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. Ƙa'idarsu ita ce suna mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma wasan da ka yi bai kai awa biyu ba. Kada ka ɓata awa biyun nan a kallon taurari. Ka je filin tashi, ka ɗaga mita goma, ka kashe taimakon ɗaya, ka ga ko kwamfutarka da hannunka za su ɗauka.