Gargaɗi kan masu sayar da wuƙaƙen "Damaskas" na bogi

Ina jan hankalin mahauta, masu girki da masu neman wuƙar layya game da wasu dillalai da ke tallata wuƙaƙe a Facebook da WhatsApp, suna cewa ainihin ƙarfen Damaskas ne mai hawa ɗari huɗu ko fiye, kuma ba sa aiko da kaya sai an tura musu kuɗi gaba ɗaya. Na sayi guda biyu a hannun ɗaya daga cikinsu kafin Babbar Sallah, kuma kowace ta zo da irin tata cutar.

Abin da ake kira Damaskas a kasuwar yau ƙarfe ne iri biyu da ake jerawa hawa-hawa a haɗe su da wuta da duka. Maƙeran Amurka da Turai sun fi haɗa ƙarfe mai lamba 1084 ko 1095 da wani mai lamba 15N20, wanda ke ɗauke da sinadarin nikel kusan kashi 2 cikin 100. Idan an tsoma ruwan wuƙar a asid, na farkon ya yi baƙi, na biyun ya tsaya da haskensa, sai zanen ya fito. Falle bakwai idan aka ninka su sau shida sun zama 448, to amma kowane ninki sabuwar walda ce, kuma kowace walda tana iya ƙin kamawa. Shi ya sa maƙerin kirki yake goge fuskar kowane falle har ta yi fes, ya ɗaure jerin da ɗigon walda, ya barbaɗa wani farin gari da ake kira boraks domin ya narkar da baƙin ɓawon da wuta ke haifarwa, ya jira zafin ya ratsa har tsakiya, wajen digiri 1,200 zuwa 1,300 a ma'aunin Salshiyas, sannan ya fara da duka mai sauƙi kafin ya saki masaba. Wanda ya yi gaggawa, ko ya ci gaba da duka bayan ƙarfen ya huce, ya bar ɓawo a tsakanin hawa, kuma nan ne wuƙar za ta buɗe wata rana.

Haka ta faru da wuƙata ta farko. Muna cikin fiɗar rago ta taɓa ƙashin haƙarƙari, sai wani siririn baƙin layi kusa da kaifi, wanda na ɗauka cikin ado yake, ya dare kamar shafin littafi. Maƙerin da na kai wa ya sa farce a layin, ya kankaro wani abu mai kama da busasshen gam, ya ce da ni, "Alhaji, wanda ya ƙera wannan ya ga tsagar tun tana hannunsa, cike ta ya yi." Wannan ya fi ɓata mini rai a kan asarar kuɗin, domin jini da kitse suna shiga irin wannan tsaga su zauna inda sabulu ba ya kaiwa, ga tsatsa, ga haɗarin ɓallewar ƙarfe a cikin naman da iyali za su ci.

Ta biyun ba ta da hawa ko ɗaya. Ƙarfe guda ne aka zana masa ado a fuska, kuma da muka goge wani ɗan wuri da samfefa muka jiƙa shi a ruwan khal, zanen bai dawo ba, alhali na gaske yana dawowa tun da a jikin ƙarfen yake. Magagari ma ya ci bakinta ba tare da wahala ba, alamar ba a taurara ta yadda ya kamata ba.

Duk wanda zai saya ya nemi a nuna masa bayan wuƙar da gindinta wajen ƙota a bidiyo, cikin hasken rana, domin a wuƙa mai hawa-hawa ta gaske layukan sukan fito a nan ma. Rashin ganin layuka a baya kaɗai ba hujja ba ne, domin wasu maƙera suna goge wurin bayan asid, amma idan wuƙaƙe goma suka zo da zane iri ɗaya sak, a fuska kawai aka buga zanen. Ya tambayi sunan ƙarafan da aka haɗa. Nawa dillalin "orijina ne daga waje" kawai yake maimaitawa. Da na aika masa hoton tsagar ya ce ni na sari ƙashi, washegari kuma ya toshe lambata. Har yanzu ina ganin hotunan nan nasa suna yawo a ƙarƙashin wani sabon suna, da alkawarin ragi ga wanda ya biya kafin ƙarshen mako.