Kasarol mai JAJ da farantan Arcopal, wanne ya girmi wani?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan Hajiya ya kai haske kabarinta. Kin ce a kabet ɗinta kin samu farin kasarol mai murfin gilas, gindinsa an rubuta JAJ da ɗan hoton kambi, sai kuma faranta shida masu ƙananan fulawoyi shuɗi da aka rubuta arcopal France, kina son sanin waye ya yi su kuma wanne ya fi tsufa. To ni dai na daɗe ina juya gindin kwanuka a wajen 'yan gwanjo har suna min dariya, bari in faɗa miki abin da na sani.

Da farko dukansu ba tangaran ba ne duk da mu komai fari mai fashewa faɗi-ka-mutu muke ce masa, gilas ne aka zuba masa sinadari tun yana narke ya koma fari kamar madara. Ki ɗaga farantin saitin rana ko ki haska tocilar waya ta bayansa, za ki ga haske na ratsowa, sannan ki shafa gindin, sumul za ki ji shi, shi kuwa tangaran akwai zoben nan mai kaushi da ba a shafa masa ƙyalli ba.

Kasarol ɗin ɗan Ingila ne. JAJ ɗin nan farkon sunan James A. Jobling ne, masu masana'antar gilas a garin Sunderland, su suka karɓi lasisin yin Pyrex, gilas ɗin nan mai jure zafin oben, daga kamfanin Corning na Amurka tun wajen 1920 da 'yan kai, amma da fari garai-garai suke yinsa kamar kofin gilas, farin mai zane sai a shekarun 1950 ya fito. Abin da ya sa nake son JAJ shi ne yana da iyaka gaba da baya, don a 1973 Corning ta shanye kamfanin gaba ɗaya, bayan 'yan shekaru aka daina buga JAJ ɗin, sai dai ki ga PYREX da ENGLAND kawai. Kin ga kenan ko rantsuwa kika yi cewa kasarol ɗinki tsakanin shekarun 1950 ne da na 1970 ba kya kaffara. In kuma kika ga an rubuta awonsa da pt, wato pint, awon ruwa irin na Turawan Ingila, babu lita a kusa, to ya ƙara nuna ya kwana biyu.

Shi kuwa Arcopal nan ne ake shan wahala. Ɗan Faransa ne, daga wani ƙaramin gari Arques can arewa, kamfanin iyalan Durand, su ne dai masu Luminarc ɗin nan da ake sa wa amare a kayan kicin. A 1958 suka fito da sunan Arcopal, to wannan shekarar kaɗai sunan zai ba ki, wato farantin bai wuce 1958 a tsufa ba, amma ta sama babu rufi, sun yi ta buga shi shekara da shekaru, har yanzu ma ana samun sabo fil da wannan sunan. Dole sai kin haɗa da zanen. Mai ƙananan fulawoyi shuɗin nan da kika kwatanta ya yi kama da wanda masu tara kayan ke kira Myosotis, ya yi tashe sosai a shekarun 1970 zuwa 1980, lokaci ɗaya da masu manyan fulawoyi ruwan lemo, har kofuna irinsu gidajen man Mobil suka riƙa bayarwa kyauta a Faransa in mutum ya sha mai. In a gindi kika ga maganar microwave ko injin wanke kwanuka to ki rage masa shekaru, in kuma kika ga UAE, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, maimakon France ai ba ma maganar tsufa, masana'antarsu ta can bayan shekarar 2000 aka buɗe ta.

A hannu ma ba ɗaya suke ba, ɗauki ki ji. JAJ kauri gare shi da nauyi, farinsa ya ɗan ja zuwa madara, don oben aka yi shi. Farantin Arcopal kuwa siriri ne ba nauyi, fari ƙal, an gasa shi yadda zai jure faɗuwa, sai ya faɗi sau uku bai ce komai ba, ranar da ya tashi fashewa kuma sai ya tarwatse tsinke-tsinke ki kwana kina shara, kar ki bar yara su shigo ba takalmi wallahi.

Wani abu da ke ruɗa mutane, lambobin gindi. Sai mutum ya ga 509 ko 513 a ƙasan JAJ ya fara lissafi, ai lambar samfuri ce, girman kasarol ɗin take nunawa, ƙananan lambobin da ke gefe kuma na mazubin da aka zuba gilas ɗin ne a masana'anta. Wani mai kaya ya taɓa rantse min da Allah cewa 24 ɗin da ke gindin wani faranti 1924 ne, ga arcopal ɓaro-ɓaro a rubuce a samansa, na ce Malam shekara talatin da huɗu kenan kafin a raɗa wa abin suna. Cikin masu farin gilas wanda na sani lambarsa na nuna zamani shi ne Fenton na Amurka, masu kwanon nan mai ƙuraje-ƙuraje a jiki, su in kin ga 8 a cikin tambarin to shekarun 1980 ne, 9 kuma na 1990, amma wannan kayan ado ne ba na cin tuwo ba.

Abin dariyar ma, kwanukanki biyu sun taɓa komawa gida ɗaya, don a 2006 kamfanin Faransan nan mai Arcopal ya sayi harkar Pyrex ta Turai, a 2007 ya rufe masana'antar Sunderland ya mayar da aikin Faransa.

To a ganina kasarol ɗin ne yaya, mafi ƙaranci ya doshi hamsin, farantan kuma ko tsararsa ne na ƙarshe-ƙarshe ko ƙannensa da shekara goma zuwa ashirin. In kina da wata goggo da ta san jeren ɗakin Hajiya ki tambaye ta ko na aure ne ko tsarabar Makka ko ta wani da ya je karatu waje, wannan shekarar sai ta fi duk lissafina daidai. Kuma don Allah kar a sa musu soson ƙarfe ko toka, zanen a saman gilas ɗin yake, in ya goge ya tafi kenan, murfin kasarol ɗin kuma ki adana shi da kyau don shi ya fi wuyar samu. Ki turo min hoton gindin farantin da kyau, a haske, in ga yadda aka rubuta arcopal ɗin.