Likitan da ya ceto min Hazo, a shagonsa aka sayar min da abin da ya kusa kashe shi

Tun ranar da na saka hoton muzuruna Hazo ana yi masa ƙarin ruwa, mutane ke tambayata wane likita ne ya zo har ɗakina da tsakar dare, kuma ko zan ce a kira shi. Na daɗe ban amsa ba, domin har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya a kan mutumin nan ba. Masu kiwon kyanwa a Samaru da Palladan sun san shi, sun san ɗan shagonsa na maganin dabbobi, sun san abin da yake karɓa, don haka ba sai na kama suna ba.

Kyanwoyina biyu ne. Laraba na tsinta a bakin kwata a Hayin Dogo tana 'yar mitsitsiya, Hazo kuwa muzuru ne mai launin toka, shi ya kawo kansa ɗakina a hunturun bara ya ƙi tafiya. Ina shekarar ƙarshe a karatun aikin talabijin, kuma duk wanda ya yi wannan karatu ya san aikin tace hoto na dare ne, lokacin da aka kawo wuta kuma gari ya yi tsit. Sanyin Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu ba sai an gaya wa kowa ba. In kwamfuta ta ɗauki zafi tana fitar da aikin da na haɗa, Hazo yakan zo ya kwanta daidai inda iskar ɗumi ke fitowa, Laraba kuma ta shige cikin bargona ta naɗe a kan ƙafata. Da haka muke kaiwa asuba mu uku. A cikin wannan kwanan bargo ne na fara jin cizo a idon sawu, na kuma lura Hazo na yawan susa. Da na taje shi a kan farar takarda sai ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono, na ɗiga musu ruwa suka koma ja. Ƙuma ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi shagon. Likita ba ya nan, wai ya tafi yi wa kaji rigakafi a wata gona ta wajen Shika. Yaron shagon ya jawo akwati, ya ciro min wata 'yar robar magani guda ɗaya, irin wadda ake ɗigawa a ƙeya. Babu kwali, babu takardar bayani. Na ga ɗan hoton kare a jiki, na ce masa ni fa na kyanwa nake nema. Ya ce, "Oga, ai duk ɗaya ne, kare da mage. Rabi kawai za ka ɗiga masa." Na sake tambaya, ya ce haka suke ba kowa. Na biya na fito.

Bayan isha'i na ɗiga wa Hazo rabin. Laraba ta gudu ƙarƙashin gado, na ce bari gobe na kama ta. Wannan gudun da ta yi shi ne Allah ya sa ya zama sanadin tsirarta.

Wajen sha biyun dare ina shirya kayan ɗaukar hoto na washegari sai aka ɗauke wuta. Na ji wani ƙwas-ƙwas a kan leda, na kunna fitilar kyamara da na cika wa caji don aikin safe. Abin da na gani ba zan manta ba. Kunnuwan Hazo na karkarwa su kaɗai, fatar bayansa na motsi kamar ana jan ta da zare, yawu na dalala daga bakinsa. Ya yunƙura zai zo wurina, ƙafafunsa suka ƙi, ya faɗi ta gefe, duk jikinsa ya ɗauki rawa. Idonsa a buɗe, yana kallona. Na kira sunansa ya fi sau goma.

Hayaniyata ta ta da Inna mai gidanmu. Ta fito da kwalbar manja a hannu tana cewa, "Ɗan nan, guba ya ci, buɗe bakinsa mu ɗura masa." Maƙwabcina na ɗaki na biyu ya ce a fasa ƙwayar farasitamol a ba shi rabi. Kowa da kyakkyawar niyya. Hannuna na rawa na kira lambar Likita, ƙarfe ɗaya saura minti ashirin, ban ma sa rai zai ɗauka ba. Bugu biyu ya ɗaga. Bai tambaye ni ko na san ƙarfe nawa ba. Ya ce in haska robar in karanta masa abin da ke jiki. Na haska, na karanto masa harafi bayan harafi, permethrin. Sai muryarsa ta canja. Ya ce, "Ƙanena, saurara da kyau. Kada ka ɗura masa komai a baki, ba manja, ba madara, ba ƙwaya. Ɗora ruwa ya yi ɗumi, ba zafi ba, ka wanke wurin da sabulun wanke kwano. Ka kulle ɗayar kada ta lashe shi. Ga ni nan zuwa."

Da babur ɗinsa ya zo, a cikin wannan iska mai yanka fuska. Da ya cire hular sanyi girarsa ta yi fari fat da ƙura. Ya gaishe da Inna, ya ce ta yi haƙuri ta mayar da manjanta, domin dabbar da ke fizge-fizge in aka ɗura mata abu, huhu yake tafiya. Ya durƙusa a kan leda ya gwada zafin jikin Hazo, ya haura digiri 40, alhali na kyanwa mai lafiya tsakanin 38 da 39 ne. Ya sake wanke shi da kansa har sau biyu, ya yi masa allura mai kwantar da karkarwa, ya aske ɗan gashi a ƙafarsa ta gaba ya nemi jijiya. Babu inda za a rataya ledar ruwan, sai ya waiga ya ga ƙafar kyamarata a jingine, ya ce in miƙe ta. A kanta ruwan ya kwana yana ɗiga, ni kuma ina riƙe da fitila.

Can wajen ƙarfe uku karkarwar ta fara raguwa, sai kuma jikin Hazo ya yi sanyi ƙalau saboda wankan da iskar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Likita ya sa na cika gorunan ruwa biyu da ruwan ɗumi, muka cusa su cikin safata, ya jera masa a gefe ya lulluɓe shi da tawul. A nan ne ya yi min bayani a hankali. Wannan sinadari kare na iya ɗaukarsa, amma hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke narkar da shi, sai ya taru ya bugi jijiyoyi. Ba shi da makari. Aikin likita kawai ya riƙe dabbar, ya hana ta fizga, ya daidaita zafin jikinta, har jiki ya fitar da gubar da kansa cikin kwana biyu zuwa uku. Ya ce dalili ɗaya ne ya sa farasitamol ke kashe kyanwa, ƙwaya guda ma ta isa. Maƙwabcina da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi salati. Likita bai tafi ba sai da aka kira assalatu, muka yi salla tare a ɗakin, ya sake duba Hazo sannan ya hau babur. Wallahi a wannan safiya da an ce in ba shi kwamfutata da na ba shi.

To amma akwai abin da ya faru a daren da ya tsaya min a rai. Yana cikin haɗa allura ya tambaye ni, "Wane marar imani ne ya sayar maka da wannan?" Na ce, "A shagonka ne, Likita." Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce za mu yi magana. Yau mako biyar ke nan, maganar ba ta zo ba.

A rana ta uku, da Hazo ya fara lasar romon kifi, ya miƙo min lissafi. Cikakke. Kuɗin fitar dare, kuɗin allurai, kuɗin ruwa, babu ko sisi da aka rage, ko kuɗin robar da ta jawo komai ba a mayar min ba. Ya kusa cinye abin da Baba ke turo min a wata. Ban yi gardama ba, mutum ya yi aiki. Da na je shagon biya na tuna wa yaron abin da ya gaya min, sai ya rantse cewa ni na ce masa kare gare ni. A gaban Likita. Na juya ina jiran ya ce wani abu, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ai ku ɗalibai kun iya karatu." Wannan kalma ta yi min ciwo fiye da kuɗin. Na iya karatu, amma me zan karanta? Gargaɗin a jikin kwali yake, kwalin kuma su suka yage shi don su sayar ɗai-ɗai. Na tambaya har sau biyu. In mutum ba zai yarda da maganar wanda ke tsaye a shagon likita ba, to maganar wa zai yarda da ita? Bayan mako guda na wuce ta wurin, na hango robobin nan a cikin akwatin, yadda suke.

Ga kuma aikin da na rasa. Mu biyar ne a rukuninmu, muna haɗa shiri na minti goma sha biyu a kan ginin ƙasa na Zazzau. Mun riga mun ɗauki cocin Wusasa, mun yi hira a kan Masallacin Juma'a na birni da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Abin da ya rage shi ne wani dattijon magini da ya yarda ya nuna mana yadda ake kwaɓa ƙasa, a mulmula tubali, a ɗaura azara, kuma da sassafen Asabar ɗin nan ya ce mu zo. Mun yi hayar kyamara ta kwana ɗaya da kuɗin karo-karo. Ni ne mai ɗaukar hoto, kuma ban iya barin Hazo ba. Abokaina suka tafi, wanda ya karɓe ni ya manta bai sa wa makirfo rigarsa ta gashi ba, iskar hunturu ta cinye muryar dattijon gaba ɗaya. Da muka koma bayan kwana huɗu hazo ya sauko sosai, hoton ya fito fari kamar an shafa masa alli, dattijon kuma ya tafi aiki ƙauye. Muka sake biyan haya. Ban ce duk wannan laifin Likita ba ne, amma daga akwatin shagonsa zaren ya faro.

Da na zauna ina wannan rubutu sai tsofaffin abubuwa suka riƙa dawo min. Rigakafin ciwon haukan kare da za a yi wa Laraba, sau uku yana sa min rana yana ɗagawa, kullum yana gonar kaji. Da rana in ka kira shi sai ka yi sa'a. Na gane, kaji dubu sun fi kyanwa ɗaya kawo kuɗi, amma da ya ce min ba shi da lokaci da na nemi wani wuri tun farko. Daga ƙarshe asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello na kai ta aka yi mata.

Duk da haka ba zan ɓoye alherinsa ba. Kwana ukun nan kullum shi ke fara kirana da safe ya tambayi jikin Hazo, sau biyu ya biyo ba tare da na neme shi ba, kuma waɗannan bai sa su a lissafi ba. Shi ya kawo maganin ƙuma na kyanwa na gaskiya, a cikin kwalinsa, ya ɗiga musu da hannunsa. Shi ya gaya min mafi yawan ƙuma ba a jikin dabba take ba, ƙwanta da tsutsarta suna cikin bargo da tsagar ƙasa, don haka na tafasa ruwa na wanke kayan shimfiɗa, na shanya katifa a rana, na share ɗakin lungu-lungu. Wani abokina ya ce min duk wannan wahala a kan mage? Inna ce ta amsa masa, ta tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Likita ma bai taɓa nuna min cewa ran Hazo ƙaramin abu ne ba, ko da ƙarfe ukun dare.

Masu tambaya, ga iyakar abin da zan iya cewa. In dabbarku ta shiga wani hali da dare, ku kira shi, zai zo, kuma ya san aikinsa. Shagon kuwa, in ba shi ne a tsaye a ciki ba, kada ku karɓi komai, kuma kada ku karɓi maganin da aka raba da kwalinsa ko da shi ne ya miƙo muku.

Hazo ya koma wurinsa a gefen kwamfuta, gashin ƙafarsa da aka aske ya fara tofowa. Ranar Asabar Likita ya ce zai biyo ya duba shi. Rabin maganin nan yana nan a cikin ambulan a kan teburina, zan ajiye masa a gabansa in tambaye shi maganar da ya ce za mu yi.