Kafin ka saki kuɗinka a kan littafin harsunan Mon-Khmer

Shekara uku ke nan da aka ɗora min kwas ɗin dangin harsunan duniya na 'yan aji uku. A ɓangaren Afro-Asiya da harsunan Cadi ban da matsala, littattafan suna nan jere a kanta. Da muka gangaro kudu maso gabashin Asiya sai na tarar ba ni da komai sai shafi biyu a wani tsohon littafin share fage. Nan na shiga neman abin saye, kuma kafin in dace sai da aka ci kuɗina sau biyu. Tunda yanzu abokan aiki da 'yan digiri na biyu kan tare ni da tambayar wanne za su saya, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abu na farko da nake dubawa a kowane littafi shi ne yadda ya yi da harsunan Munda na Indiya, su Santali da Mundari da Ho. Dalili kuwa, sunan Mon-Khmer kansa a kansu ya rataya. A 1906 wani limamin coci ɗan Jamus, Wilhelm Schmidt, ya nuna cewa Mon na ƙasar Myanmar da Khmer na Kambodiya da Khasi na arewa maso gabashin Indiya da Munda duk tsatsonsu ɗaya, ya raɗa wa dangin suna Ostro-Asiya, wato Austroasiatic a Turance. Daga baya aka saba raba dangin gida biyu: Munda a gefe guda, duk sauran a ɗaya gefen da sunan Mon-Khmer. Rabon yana da daɗin gani, domin Munda na jibga ɗafe-ɗafe a jikin kalma kuma aikatau a ƙarshen jumla yake zuwa, alhali su Khmer kalmominsu gajeru ne, aikatau a tsakiya. Tsarin da aka fi yaɗawa da sunan Gérard Diffloth, wanda ya rubuta wa Encyclopaedia Britannica bayanin dangin a 1974, ya sake kasa Mon-Khmer uku. Na gabas ya ƙunshi Khmer da Pear da Bahnar da Katu da Viet (reshen harshen Biyetnam), na arewa Khasi da Palaung da Khmu, na kudu kuma Mon da harsunan Asli na Malesiya da na tsibiran Nikoba. Wannan zanen bishiyar shi ne za ka tarar a yawancin littattafan share fage, kuma shi na koyar a shekarar farko kamar karatun da ba ya canzawa.

Ashe shi Diffloth ɗin ma ya sake shawara. A 2005 ya fito da wani tsari mai kashi uku, inda ya ciro Khasi da Palaung da Khmu ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa da Munda. Paul Sidwell na Ostareliya kuwa ya ce babu gamsasshiyar hujjar cewa duk waɗanda ba Munda ba sun taɓa zama harshe ɗaya bayan Munda ta ware. Shi rassa 13 ya jera, har da Munda da reshen Mang na iyakar Biyetnam da Sin, ya bar su kamar haƙoran mataji, kowanne daga tushe ya fito. In haka ne, Mon-Khmer suna ne kawai na sauƙaƙa magana. Littafin da bai gaya maka akwai wannan jayayyar ba, ko kyauta aka ba ka, ka san tsohon labari ka karɓa.

Gwaji na biyu shi ne harshen Biyetnam, wanda shi kaɗai ya kwashe mafi yawan mutum sama da miliyan 100 da ke magana da harsunan dangin. Saboda yana da karin sauti, Khmer kuma ba shi da shi, Henri Maspero a 1912 ya karkata shi wajen harsunan Tai, dangin harshen Thai na ƙasar Thailand. Sai a 1953 da 1954 André-Georges Haudricourt ya nuna cewa karin sautin daga baya ya tsiro, lokacin da wasu baƙaƙen ƙarshen kalma suka zube, na farkon kalma kuma suka sauya. Mu da harshenmu ke rarrabe kalmomi da karin sauti, wannan labarin ya fi komai jan hankalin ɗalibaina. Littafin da ya tsallake shi bai yi maka adalci ba.

To, ga wanda nake so, kuma ba zan ɓoye ba: The Handbook of Austroasiatic Languages, mujalladi biyu, wanda Mathias Jenny da Paul Sidwell suka shirya, kamfanin Brill na birnin Leiden ya buga, shekarar da ke jikinsa 2015. Ya haura shafi dubu. Mujalladin farko ya buɗe da babi-babi na gaba ɗaya: siffofin da harsunan suka yi tarayya a kai, tarihin rarrabe su, da yunƙurin sake gina uwar harshen, wanda Sidwell ya rubuta tare da Felix Rau. Babin rarrabewar bai ɗora maka bishiya ɗaya ya tafi ba. Ya bi tsare-tsaren daki-daki, har da na David Thomas da Robert Headley na 1970 da aka gina a kan ƙirga kalmomin da suka yi kama, ya kuma nuna inda ƙirgen ke yaudara. Katu da Bahnar maƙwabta ne a tsaunukan Laos da Biyetnam, sun daɗe suna aron juna, sai lissafi ya nuna su kamar 'yan uwa na jini fiye da yadda suke. Kamar dai a ƙirga kalmomin Larabci da ke cikin Hausa da Barebari a ce ai ga shi nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Abin da ya sa na ƙulla da shi shi ne sauran shafukan, wato taƙaitaccen nahawun harsuna sama da ashirin, kowanne daga hannun wanda ya yi aiki a kan harshen, kuma duk a kan tsari guda. Ka buɗe tsarin sautin Khmu, ka sa yatsa, ka juya na Mon ko na Khasi, abu ɗaya za ka tarar a wuri ɗaya. A nan ne sunayen rassan suka daina zama haddar jarrabawa a wurina. Na ga kalmar nan mai gaɓa ɗaya da rabi, guntuwar gaɓa a gaba sannan cikakkiya mai ƙarfi a baya, wadda ita ce tambarin dangin. Na ga ɗafa-ciki, inda ake tsaga kalma a cusa mata baƙi a mayar da aikatau suna. Na ga yadda Mon ke rarrabe kalmomi da irin muryar da aka furta wasali, shaƙaƙƙiya ko tsayayya, maimakon hawa da sauka. Ranar da na rubuta wa ɗalibai “huɗu” a allo, bốn a Biyetnam, buon a Khmer, pon a Santali, wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai ko makaho ya shafa ya san gida ɗaya ne.” Tsakanin Santali da Biyetnam kuwa akwai ƙasashe da tsaunuka da harsunan wasu dangogi jingim.

Yana da aibi, ba a rasa nono a ruga. Munda babi ɗaya tak ta samu, na Gregory Anderson, don haka mai son Munda sosai sai ya haɗa da The Munda Languages da shi Anderson ɗin ya shirya a 2008. Sannan Sidwell ne ya rubuta babin rarrabewa, kuma yana cikin masu shari'ar, ka karanta da sanin haka. Kuɗinsa kuma na ɗakin karatu ne, ba na aljihun ɗalibi ba. Ni sai da muka haɗa hannu mu uku a sashe, kuma har yau a ofishina yake kwana, wanda ya ji haushi ya zo ya karanta a nan.

In kuɗin bai kai ba, Classifying the Austroasiatic Languages na Sidwell, bugun Lincom na birnin Munich a 2009, ƙaramin littafi ne da ya tsaya kan tarihin rarrabewar kaɗai, kuma zai fitar da kai kunya. Littafin Robert Parkin na 1991 na sanin mutanen ne da inda suke zaune, rarrabewarsa ta tsufa. Manyan kundayen harsunan duniya masu ba dangin shafi huɗu kuwa, ka bar su a shago.

Ƙamus ɗin Harry Shorto, A Mon-Khmer Comparative Dictionary, shi daban ne. Shorto malami ne a makarantar SOAS ta Landan, ya rasu a 1995 bai ga bugunsa ba, sai a 2006 Sidwell da Doug Cooper da Christian Bauer suka fitar da shi a jerin Pacific Linguistics na Canberra. Tushen kalmomi sama da 2,000 ne a ciki. Ya jingina da yawa a kan Mon da Khmer saboda su ke da tsohon rubutu, Khmer tun wani dutse na shekarar 611, kuma ba littafin rarrabewa ba ne. Amma ka mallake shi, sai dai kada ka biya ko sisi: jami'ar ƙasa ta Ostareliya ta saki tsofaffin littattafan jerin kyauta a intanet. Haka ma tsofaffin fitowar mujallar Mon-Khmer Studies, wadda ta fara a 1964, da rumbun kalmomi na SEAlang. Can za ka ci karo da sunan da ka sani, Roger Blench, mai taswirar harsunan Nijeriya. Shi da Sidwell ne suka kawo shawara a 2011 cewa masu harsunan nan ta bakin kogin Mekong suka bazu cikin hanzari, abin da zai iya bayyana dalilin da ya sa rassan suka ƙi shiga ƙarƙashin juna.

Na faɗi maganar kyautar ne da gangan, domin a nan 'yan damfara ke cin kasuwa. Akwai masu yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai suna tallar “cikakken kundin Mon-Khmer” a waya, ka tura kuɗi a turo maka. Abin da ke ciki Shorto ne da mujallar nan, waɗanda kai ma za ka sauke da datar naira kaɗan. Wannan ma da sauƙi, aƙalla abin da aka ba ka na gaske ne.

Ni cutar farko da aka yi min ta fi haka ciwo. Na ga wani littafi a intanet mai dogon suna, an jero Mon da Khmer da Bahnar da Katu a bango, da hoton haikalin Angkor Wat yana sheƙi. Na ba wani mai yi mana odar littattafai kuɗi, na jira wata biyu. Da ya iso, siriri ne kamar littafin lissafin firamare. Na buɗe, sai ga rubutun Wikipedia an kwafo shi ɗungurungum, har da alamomin neman hujja ba a goge ba, kuma a ƙasan shafin farko da ƙananan baƙaƙe an rubuta hakan, yadda ba ka da bakin ƙara. Rabin littafin jerin sunayen waɗanda suka taɓa gyara shafukan ne. Irin waɗannan suna da lambar ISBN, suna da bango mai kyau, wani lokaci har da sunan “edita” wanda in ka bincika za ka ga shi ne editan littafin kiwon zuma da na tarihin jirgin ƙasa. Yanzu kuma an samu sabon salo, wanda na'ura ke rubutawa, Turancin sumul, amma rassan a cakuɗe, a jefa Cham ko Thai cikin Mon-Khmer alhali ba dangin ba ne. Ka duba sunan marubuci, ka nemi ko da maƙala ɗaya da ya taɓa bugawa a fagen. In babu, ka riƙe kuɗinka.

Ka kuma kula da sunan dangin harafi-harafi lokacin yin oda. Austroasiatic daban, Austronesian na su Malay da Tagalog da Malagasi daban, Afroasiatic namu daban. Mai shago ba ruwansa, duk wanda ya fara da harafin A ya ƙare da Asiya ɗaya ne a wurinsa. Wani abokina an kawo masa na harsunan tsibirai, aka ce ai kusan duk ɗaya ne.

Cuta ta biyu kwafi ce. Wani ya ce zai samo min ƙamus ɗin Shorto a ɗaure da bango mai kauri, lokacin ban san kyauta yake ba. Ya kawo, nauyi kamar bulo. Wanda ya buga ya bi da shi ta wata manhaja da ba ta san baƙaƙen ba. Shorto ya sake gina kalmar “ruwa” a matsayin *ɗaak, “biyu” kuma *ɓaar, da ɗ da ɓ irin namu masu ƙugiya, domin ana ganin uwar harshen tana da waɗannan sautuka. Daga *ɗaak ɗin ne aka samu dak' a Santali da nước a Biyetnam, inda ɗ ta koma n. A kwafina duk inda ɗ take sai ɗan akwati, wani wurin kuma d ce zalla. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin girman wannan ɓarna, ya san tazarar da ke tsakanin bari da ɓari. Misalan Biyetnam ma haka, ma da má da mà da mả da mã da mạ kalmomi shida ne, daga fatalwa zuwa kabari zuwa dashen shinkafa, kwafin ya mayar da su ma guda. Ban iya amfani da shafi ɗaya ba, yanzu shi ke tokare min ƙofar ofis in iska ta taso.

Tun daga nan, duk mai son sayar min da littafi a wannan fage, sabo ko na hannu, sai ya ɗauko hoton shafi biyu daga tsakiya ya turo, wanda ke da misalai, in ga ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigon suna nan. In na Brill ne kuma sai ya ɗora mujalladi biyun a tebur ɗaya ya ɗauka tare, domin an sha tallata na biyu shi kaɗai da hoton saitin, alhali babin rarrabewa a na farko yake.